Kainuwa Ta Rufe Mashigin Yaya

Litinin, 3 ga Yuni
Na leƙa Yaya a bakin tafki. Awa guda yana saran kainuwa da adda kafin kwalekwalensa ya sami hanya. Kifi huɗu ya kamo. Ya ce, “Shekara hamsin ina su, yau na koma mai noman ruwa.” Ya yi dariya. Ni ma na yi, ban san dalili ba.

Juma’a, 14 ga Yuni
Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a gonata ina kallon jan ruwa yana gangarawa tafki. Jiya na zuba taki.

Asabar, 29 ga Yuni
’Yata Auta ta zo hutu daga wurin aikinta na gwajin ruwa, ta ɗebi na tafkin a kwalabe. Wai takin da ruwa ke wankewa daga gonaki shi ke ciyar da kainuwa da gansakuka, su rufe rana, in sun ruɓe su cinye iskar da kifi ke shaƙa. Na ce yaushe aka haife ki. Ta ce, “Baba, ai ban ce kai ba ne.”
To wa? Shekara talatin ina malamin gona. Gida-gida na bi a kan babur ina cewa a ƙara buhun taki. Har takardar yabo aka ba ni.

Talata, 9 ga Yuli
Kifi sun taso, ciki sama, fari fat tun daga mashigi har gindin tsamiya. Wari. Yaya yana ta kwashewa da kwando yana binnewa.

Laraba, 10 ga Yuli
Ban fita ba.

Alhamis, 1 ga Agusta
Yaya ya tafi gidan ɗansa a birni. Ni na ɗaure masa kaya. Na fara, “Yaya, takin nan…” Ya dafa kafaɗata. “Masarar taka muka ci muka rayu, ƙanena. Riƙe min jakar.” Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 18 ga Agusta
Kunya goma na gonata da ke bakin ruwa na bar wa ciyawa, ban sa musu taki na biyu ba. Maƙwabcina ya leƙo ta shinge, wai malam guda da gona haka? Na ce gwiwa ce ke damuna.
Ya tambaya ko shi ma ya bar nasa. Na daɗe ina gyara ƙotar fartanya kafin na ce masa, i, kai ma bar naka na bakin ruwa.