Katunan Misra da Gwiwar Kaka

Zuwa ga Yaya Habu a Kumasi,

Bayan gaisuwa mai ɗimbin daraja, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da kasuwar goro. Mu nan Gumel lafiya lau.

Ga wani gagarumin al'amari. Na sayi katuna masu zane a kasuwar Maigatari wajen wani falken Damagaram: ga sarki, ga wata, ga mutum rataye ƙafa sama. Falken ya rantse ilimin Misra ne tun zamanin Fir'auna. Ɗanladi tsohon soja kuwa ya ce karta ce, ya ga Faransawa suna caca da ita. Baba ya yanke hukunci: in karta ce, su wuta, ni bulala.

Da Kaka ta ji an ambaci Misra, sai ta jiƙa mai hoton wata ta shanye ruwan kamar rubutu. Da safe ta ce, "Gwiwata ta saki. Duk wanda ya ƙara ce musu karta, ban yafe ba."

Baba ya rataye bulalarsa. A taya ni addu'a kada ciwon ya dawo, domin lafiyar bayana ta dogara ga gwiwar nan. A gaida mutanen gida.

Ƙaninka, shehin binciken asirai,
Sule