Auta da ɓerayenta sun yi nasara

Assalamu alaikum, ɗana Babangida. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, sai dai gyambon cikin babanku da yake ɗan taɓa shi in ya ci yaji a ɓoye.

Albishirinka! Jiya ƙanwarka Auta ta kare bincikenta a gaban malamai, kuma da idona na gani. Ka san shekara biyu ke nan tana fama da wata halittar ruwa mai laushi da ake kira kokwambar teku. Takan busar da ita, ta niƙa, ta tace ruwanta, ta ba ɓerayen gwaji masu gyambon ciki. Bara firjin ɗakin gwajinsu ya lalace, aikin wata bakwai ya ruɓe. Ranar ta dawo ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa kan gadona tana kuka, wai malaminta ya ce ta sauya batu. Ta ce ba za ta sauya ba, ta koma ta faro daga tushe.

Ɗakin da aka yi zaman ƙarami ne, fanka ɗaya tana ta ƙara, ni da babanku muna kujerar baya. Auta ta haska hotuna biyu a bango. Na farko cikin ɓeran da ba a ba maganin ba, duk ya yi jajir da miki. Na biyu na wanda aka ba, sumul, sai ɗan tabo. Wani dattijon farfesa mai tabarau ya tsare ta da tambayoyi kusan awa guda. Yarinyar nan ko gezau! Daga ƙarshe ya cire tabarau, ya ce ya zo da niyyar neman kuskure, bai samu ba. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, sai da babanku ya ja mini mayafi.

A hanyar gida babanku ya ce tunda abin ya yi wa ɓera, a ɗiba masa cokali biyu. Auta ta ce sam, a kan dabba kawai aka gwada, da sauran tafiya kafin a kai ga mutum, ya ci gaba da shan maganin likitansa. Ya yi ta ƙunƙuni wai an fifita ɓeraye a kansa.

Bari in faɗa maka gaskiya. Da, in maƙwabta suka tambayi abin da take karantawa, sai in ce harkar magani ce, in kawar da zancen, don kunyar a ce 'yata kiwon ɓera take yi. Yau kuwa gida biyar na shiga ina ba da labari, har na bar tukunya a wuta ta ƙone.

Ka kira ta, muryarka take jira. Ka gaishe mini da surukata, da jikokina Takwara da Sarkin Rigima. Goggonka da kawunka tela suna gaisuwa.

Ni ce mahaifiyarka, mai yi maka addu'a kullum.