Wasan da Ya Ji Tausayin Baba

Zuwa ga yayana Rasmane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Safiatu da yara. Allah ya sassauta muku sanyin Milan, ya sa albarka a nema. Mu nan Kudugu lafiya lau. Inna ta koma sayar da wake da shinkafa a ƙofar gida duk da mun hana ta, damina kuma ta yi kyau daidai gwargwado. Jikin Baba da sauƙi. Hannun dama har yanzu yana rawa tun bayan shanyewar ɓarin jikin nan, amma magana ta fito sosai.

Ka tambaye ni ko wasan kartar da ka sa masa a waya yana da amfani, don kana so ka aiko masa da wata mai babban gilashi. Na zauna na kalla, ni ma na taɓa, ga abin da na gani. Wasan ba shi da wuya. Kowace karta dodo ne da lambar ƙarfinsa, na ruwa yana kashe na wuta, na wuta yana cinye na itace, kafin shayi ya huce an gama zagaye. Da yatsa ɗaya ake yi, ba ya gaggauta mutum, ba kuma wanda zai ga karta ta suɓuce daga hannu. Mai gasa masa hannu a asibiti ta ce motsin yatsan yana taimakawa. A watannin da Baba ya ƙi fita, wannan ne kaɗai ya sa ya tashi zaune, kuma ban raina wannan ba.

Rauninsa ma a fili yake. In aka jima, dodannin duk ɗaya ne, launi kawai ake sauyawa. Ba abokin wasa, ga shi mutumin da ya tsufa a teburin kartar belot irin Baba, rabin wasansa a fuskar abokinsa yake karanta shi. Sannan komai ka yi sai ya watso maka taurari. Babban aibin kuwa Baba ne ya gano shi. Ya lura duk lokacin da aka cinye shi a jere, abokin karawar da ke biyo baya sai ya zama wawa. Sai ya gwada. Ya zubar da manyan kartocinsa da gangan, ya yi wasa kamar wanda bai taɓa riƙe karta ba, kuma aka ce ya ci. Ya kifa wayar a kan tabarma ya ce ashe wannan ma ta zama Drabo.

Ban gane ba sai da ya yi bayani. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, Drabo ya zo duba shi, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kira shi Malam Salfo da sanyin murya, ya yi masa addu'a ya tafi. Ka san Drabo. Ɗan ƙabilar Samo ne, abokin wasanmu mu Mosi, tun muna yara ba mu taɓa jin ya kira Baba da wani suna ba sai bawansa, ko a taron suna sai ya sace masa hula. Baba ya ce ranar da ɗan Samo ya yi wa ɗan Mosi ladabi, to ya riga ya auna masa likkafani. Shi ya sa bai koma teburinsu na gaban shagon tela ba. Mu muna ta zaton kunyar hannun ce.

Na je na sami Drabo na faɗa masa. Ya ce ganin bakin abokinsa a karkace ne ya kashe masa harshe. Washegari da la'asar sai ga shi yana ihu tun daga ƙofa, wai ina malalacin bawan nan da ya ɓuya a bayan mata don kada ya ɗauki kayan ubangidansa. Inna ta ce ya fitar mata da ƙazaman ƙafafunsa, ɓarawon zabi. Baba dai ya ce a miƙo masa hularsa. A bayan babur ɗin Drabo suka tafi. An ce kartoci sun yi ta zubewa daga hannunsa, Drabo yana cewa dama yaushe Mosi suka iya riƙe wani abu in ba ludayi ba, ya kuma yi masa cin kaca. Baba ya dawo yana faɗa, wai da tari Drabo da na ɓangarensa suke ba juna labarin karta, ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Shawarata ita ce kada ka aiko da wata. Wannan ta isa. Yana ɗan taɓa ta da safe don yatsa ya warware, ya raɗa mata suna 'yar fadanci. In ka kira shi ranar Lahadi kuma, ka ajiye muryar nan ta dubiya da kake yi masa. Ka tambaye shi yadda aka yi ɗan Samo ya cinye shi.

Ka gaishe da Safiatu, da Nafi da ƙaramin Salfo, da Kawu Tasere in kun haɗu. Inna da Gwaggo Nopoko suna gaishe ku. Baba bai ba da saƙo ba, ya fita.

Ƙanwarka,
Alizeta