Kusurwar da Baba Yake Bari

Daren Asabar, farkon rani

Bayana ciwo yake. Tun safe muke gyaran hanyar ruwa a fadamar Dundaye, ciyawar kacalla ta toshe ta, shinkafar ƙanena Sani tana neman bushewa. Da muka kai kusurwar bakin tafki ya ɗaga lauje, na riƙe hannunsa.

"Yaya, lahiya?"

"Nan Baba yake bar wa agwagin daji."

"Baba ya rasu, su ma sun bar zuwa."

Ya ba ni haushi, don gaskiya ya faɗa. Muna yara, kukansu har hana mu jin kiran Baba yake. Yanzu injin ban ruwa kaɗai ake ji.

Na dai hana shi yankewa. In sun dawo, kada su tarar ba masauki.