Sunayen da ke Jikin Ƙararrawa

Yaya Mashudu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Ina fatan ruwa ya sauka a Thohoyandou. Ni lafiya lau, tarin ma ya ragu, iskar teku ce dai ba ta san baƙo ba.

Ki ba Mama haƙuri, bana ba zan zo Kirsimeti ba. Tsohuwar ƙararrawar kwalejinmu ta sojan ruwa ce ta riƙe ni. A jikinta aka zana sunayen ɗaliban farko da teku ta ci. Ɗalibaina, yaran kirki, kullum sai sun goge ta, har sunayen sun kusa shafewa. Baba Petersen, tsohon kwamanda, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san mutanen. Ya ce, "'Ya'yana, teku ta bar mana sunayensu, ku kuma za ku cinye da tsumma?"

Yanzu yakan bi tagullar da yatsa, ya faɗi suna da garin kowa, muna rubutawa. Bai taɓa kuskure ba. Amma numfashinsa ya soma gajarta, ina tsoron in dawo hutu in tarar babu mai faɗa.

Ku sa shi a addu'a kafin ni.

Ƙaninki,
Rendani