Yankan Mama Bai Karkace Ba

Mdantsane, farkon Agusta

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi da sauƙi. Yaya jiki, yaya hannun? Allah ya ƙara lafiya. Ina gaida Inna Nosisa da take jinyarki, take kuma karanta miki wannan takarda. Inna, kada ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki.

Mama, wa ya ba ki shawarar ki aika wa MaRhadebe, shugabar matan zumunta, cewa ta yi yadda ta ga dama da ƙyallayenki? Kin san abin da ta ga dama kuwa?

Ranar Alhamis na kai mata jakar ɗinkinki coci, na tarar da matan zumunta sun cika benci da jajayen rigunansu. Ita shugaba ta zazzage jakar a gabansu, duk ƙyallayen da kika yanka don doguwar shimfiɗar teburin jibin Ubangiji, wadda kika yi alkawarin gamawa kafin bikin cocin. Ta ɗauki guda biyu masu lanƙwasa, mai ciki da mai rami, ta haɗa bakinsu, suka ƙi zama daidai. Sai ta girgiza kai ta ce, "Ku duba, 'yan'uwa. Ashe ciwon ya daɗe da taɓa kan baiwar Allah kafin ya sauko hannu. Wannan yankan mai hankali ne?" Ta ce za ta datse su murabba'i a yi abin ɗaukar tukunya.

Mama, rabin ƙyallayen nan shuɗin shweshwe ne, yadin amarcinki, wanda uwar Tata, mahaifina, ta ɗaura miki ranar da kika shigo gidanmu. Shi za a ɗauki tukunya da shi? Na tattara kayana cikin jaka. Ina fita ta bi ni da murya: "Kai mai facin taya, yadi ba roba ba ne fa, ba a shafa masa gam." Suka yi dariya har da masu share hawaye. Abin da na mayar mata ba zan rubuta ba, tunda Inna ce mai karatu.

Na sa wa keken ɗinkinki mai. Zan ɗinka.

Ɗanki,
Zukile

Mdantsane, ƙarshen Agusta

Mamana,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da Inna ta ce kin fara riƙe cokali da kanki. Allah ya ci gaba da ɗaga ki. Saƙonki na in mayar da jakar in ba da haƙuri ya iso, na kuma ajiye shi gefe.

Na farko da na ɗinka ya tattare kamar bakin buhu. Na warware, na sake, ya tattare. Na je laburare na binciko wani littafin ɗinki da bangonsa ya yage, na karanta shi kamar yadda na koyi karatu da gwangwanayen kicin ɗinki, ina bin layi da yatsa. Abu na farko da na gano shi ne ba a taɓa samun bakin mai ciki da na mai rami su zo daidai ba, a layin ɗinki ake haɗuwa. Wato yankanki lafiya lau yake. Na ninka kowanne biyu na samo tsakiya, na soka fil a nan da gefe da gefe, mai rami a sama. Ya yi dama, amma bai kwanta ba.

Sai da na murza su a hannu na gane. Sabon jan shweshwen da kika saya yana nan da sitacin kamfani, ƙandas kamar kwali. Na amarcinki kuwa ya sha wanki shekara da shekaru, ya yi laushi, ko kallonsa ka yi sai ya miƙe. Ɗaya yana tafiya ɗaya yana tsaye, ina za su haɗu? Littafin bai san wannan ba, amma ke kin sani, don na tuna yadda kike dama ruwan garin masara tsararo ki tsoma wuyan rigunan Tata. Na wanke sabon har ya saki, na tsoma su duka a ruwa ɗaya, na shanya, na danna da dutsen guga ba tare da ja ba. Na ɗinka a hankali, na ɗan tsattsaga gefen mai rami da bakin almakashi, na buɗe.

Mama, ya kwanta kamar an zana shi. Na daɗe zaune ina kallonsa.

Naki,
Zukile

Mdantsane, Satumba

Mamana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna da mutanen gida duka. Yaya ƙarfin jiki?

An gama. Na sa auduga a tsakiya, na yi mata baya da farin yadi, na bi kowace lanƙwasa da ɗinki. Da aka shimfiɗa ta a teburin coci, shuɗi da ja suna tafiya kamar hanyar garinku tsakanin duwatsu. MaRhadebe ta sa tabarau, ta bi ta da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan tana neman tudu. Ta juyo bayan shimfiɗar, ta ja da farce, ta ɗaga ta wajen taga. Wata tsohuwa daga bencin baya ta ce, "Shugaba, in kin samu ki kira mu, ƙafafunmu sun gaji." Dariyar ta fi ta ranar nan ƙarfi, kuma ba ni ake wa ba. Tsohuwar ta gane shuɗin, ta ce tana nan ranar da aka ɗaura miki shi, ta shafa shi ta yi miki addu'a.

A kusurwar baya na ɗinka sunanki. Nawa ba ya ciki, ke kika yanka.

Da aka watse, MaRhadebe ta ja ni bayan coci, ta ce da ni "ɗana", ta ce in gaishe ki, abin da ya wuce ya wuce. Na ce mata ba a bayan coci ta kira ki marar hankali ba. Na san za ki ce ya isa. Bai isa ba. Na yi magana da mai motar haya, zai ɗauko ku ke da Inna ranar Alhamis kafin bikin, ki zauna a bencin gaba. Zan miƙa wa MaRhadebe mai ciki da mai rami da suka ragu, a gaban matan da suka ji ta, in maimaita mata tambayarta: wannan yankan mai hankali ne ko kuwa? Ta tashi tsaye ta amsa kina ji.

Inna, ki wanke mata jar rigarta.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Zukile