Ragar Tsakar Gida

Zuwa ga 'yata Haulatu,

Assalamu alaikum. Yau Laraba. Jiki da sauƙi, ƙafafun ne dai suka kumbura, likita ya ce haka ciwon ƙoda yake yi. Yaya Daura, yaya maigidanki da yara?

Yayanki Ma'aruf da nake zaune wajensa yana ƙoƙari, sai dai aikin nan Ingila ba ya barin mutum ya zauna. Ni a bakin taga nake yini. A ƙasan benen akwai filin wasa, an kafa wata babbar raga ta jar igiya, yara suna hawa suna sauka. Ina kallonsu har lokacin magani ya yi. Ba daɗi nake ji ba, ba kuma damuwa ba, kallo ne kawai.

Ita ta tuna mini ragar da na saƙa wa ɗanki Sagir tsakanin darbejiyoyin tsakar gida. Da rama na yi ta, ga shi ta sha damina. Rama daga ciki take ruɓewa, ido ba ya gani, sai ranar da ta tsinke da yaro a sama. Na sa an sayo mini igiya mai jure ruwa. Malam Kalilu na Zango zai koma gida gobe, ya ce yau zai biyo ya karɓar miki.

Allah ya yi muku albarka.

Babanki.

Na ajiye biro na jira Malam Kalilu har magariba, bai zo ba. Igiyar tana nan a bakin ƙofa. Ki sa a kwance ragar, ko da Sagir zai yi kuka.